Yadda Za Ka Bar 'Yan Wasa Su Sauya Ƙwarewar Jarumansu Ba Tare da Labari Ya Wargaje Ba

Duk wanda ya taɓa jan ragamar wasan tebur irin su Dungeons & Dragons ko Pathfinder, inda kowane ɗan wasa ke riƙe da jarumi ɗaya, jagora kuma yana ba da labari, ya san wannan saƙon. Da daddare yake shigowa, bayan an watse, kuma ba a guruf ba, kai tsaye zuwa wayarka: “Malam, don Allah ko zan iya sauya baiwar nan da na ɗauka a mataki na 4? Wallahi tun da na ɗauke ta ko sau ɗaya ba ta yi mini rana ba.” Baiwa a nan wata iyawa ce ta musamman da ake zaɓa wa jarumi, mataki kuma matsayin ƙarfinsa ne da ke hawa yayin da wasa ke ci gaba. Wasu jagororin wasa nan take sukan ce a'a, wanda ya zaɓa ya rungumi ƙaddara. Wasu kuma sukan ce to ba tare da sun tambayi komai ba, sai a zama na gaba su tarar mayaƙin da kowa ya sani da gatari ya dawo yana harba kibiya kamar da ita aka haife shi, babu wanda ya san yadda aka yi.

Ni a wurina a bari, amma da tsari. Sauyin ya zo wa ɗan wasa da sauƙi, shi kuwa jarumin da ke cikin labari ya ji a jikinsa.

Idan teburinku irin namu ne a nan Abuja, ba ku haɗuwa sai ranar Asabar, wani lokaci ma sai a tsallake mako. Wani daga Kubwa yake tasowa, wani daga Lugbe, wani kuma sai ya sha cunkoson hanyar Mararaba da Nyanya kafin ya iso Gwarinpa. A zauna bayan La'asar, a tashi sallar Magariba, a dawo, kafin ka ankara masu nisa sun fara duba agogo. A irin wannan tafiyar, hawa mataki ɗaya kan iya cin wata biyu. Ke nan zaɓin da mutum ya yi cikin minti goma, yana karanta dokoki a waya da Turancin da ba na kullum ba, zai zauna da shi rabin shekara. Wanda ya kashe kuɗin mota ya zo ya zauna yana kallon wasu suna haskakawa, ba zai yi maka ƙorafi sau biyu ba. Uzuri kawai zai fara kawowa.

Mataki na farko: a yi magana kafin a jefa dais

Tun a zaman farko, ranar da ake ƙirƙirar jarumai, ka faɗi dokar sauyi a gaban kowa, ka rubuta ta cikin layi uku ko huɗu, ka maƙala a saman guruf ɗin WhatsApp. Doka da aka sani tun farko ba ta da fuskar kowa. Wadda aka ƙirƙira ranar da wani ya roƙa kuwa, ko da adalci ka yi, za a ce don wane ne.

Ka buɗe ƙofa a matakan farko. Tsarin wasannin haɗin gwiwa na kamfanin Wizards of the Coast mai Dungeons & Dragons, wato Adventurers League, a da ya daɗe yana barin ɗan wasa ya sake gina jaruminsa kusan gaba ɗaya muddin bai kai mataki na 5 ba, kuma wannan iyakar tana da ma'ana. A bugu na 5 na Dungeons & Dragons, yawancin jarumai a mataki na 3 suke zaɓar reshen sana'arsu (sana'a ita ce nau'in jarumi, kamar mayaƙi ko mai sihiri), a mataki na 4 su samu damar ƙarin maki ko baiwa ta farko, a mataki na 5 kuma mayaƙi ya fara kai hari biyu a juyi ɗaya, wato duk lokacin da layi ya zo kansa, masu sihiri su shiga dabarun hawa na uku. Kafin nan mutum yana gwaji ne. Ka bar shi ya sauya kyauta, ba kuɗi, ba malami, sunan jarumi da tarihinsa kawai za a riƙe.

Idan kuwa wasan ya riga ya yi nisa ba ku yi wannan maganar ba, ka sanya ranar gyara ɗaya ga kowa da kowa, sannan dokar ta fara aiki daga nan.

Mataki na biyu: ka ji dalili tukuna

Nan ne aikin yake, kuma nan aka fi gaggawa. Kada ka fara da “me kake so ka koma?” Ka fara da “me ke damunka da wanda kake da shi?” Amsar ita za ta nuna maka farashin da ya dace, ko ma ta nuna ba sauyi ake buƙata ba.

Akwai wanda bai fahimci dokar ba lokacin da ya zaɓa. Ya ɗauka baiwar tana aiki kowane juyi, ashe sau ɗaya ce bayan dogon hutu. Wannan a gyara masa nan take, ba sai an shigar da shi labari ba. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Akwai wanda wasan ne ya bar shi a baya. A littafin dokokin bugu na 5 na 2014, maharbi yana zaɓar irin ƙasar da ya fi sani da irin maƙiyin da ya ƙware a farautarsa. Sai ɗan wasa ya zaɓi daji da dodanni, kai kuma ka kai labarin cikin birni, wata uku ana siyasar fada da leƙen asirin fatake. Bai yi kuskure ba, kai ne ka karkata akalar. Ko dai ka buɗe masa hanyar daji, ko ka bar shi ya sauya da rangwame. Cajin sa cikakken farashi a nan zalunci ne.

Akwai wanda labarin ne ya sauya jaruminsa: ɗan sanen da ya ga an kashe abokinsa ya tuba, yana son ya bar sata ya koyi warkarwa. Wannan shi ne mafi daɗi, kuma ba ya ma son a ba shi kyauta. Yana son a wahalar da shi, a sa ya nemi malami, a tuna masa abin da ya aikata a baya. Ka ba shi abin da yake so.

Akwai kuma wani dalili da ba kasafai littattafan dokoki ke kawo shi ba, amma a teburin Hausawa yana fitowa. Mutum ya ɗauki jarumin da ke samun ƙarfinsa ta hanyar ƙulla alkawari da wani shaiɗani, don ya ji ana cewa yana da ƙarfi, sai bayan zama biyu ya ji ransa bai kwanta ba. Ko wata ta zo ta ce, “Yaya, ni fa ba na jin daɗin furta kalaman nan na tsafi, ko da wasa ne.” Kada ka tsaya yi musu bayanin cewa ai tatsuniya ce, sun sani. Kada kuma ka sa musu farashi. A sauya a ranar, a mayar da shi maharbi ko mayaƙi ko mai haɗa magunguna, a wuce wurin ba tare da an mai da shi abin tattaunawa a tebur ba.

Na ƙarshe shi ne mai neman riba, wanda ya shiga intanet ya ga wani haɗi da ke ninka ɓarna. Ba laifi ba ne mutum ya so jaruminsa ya yi ƙarfi, shi ma salon wasa ne. Amma shi zai biya cikakken farashi, kuma za mu dawo kansa.

Wani lokaci bayan ka saurara za ka gane matsalar ba a takardar jarumi, inda ake rubuta makinsa da baiwarsa, take ba. Ɗan wasan yana jin ba a ba shi fili ne, ko wani mai baki ya mamaye teburin. Ko sau goma ya sauya baiwa, ba zai warke ba.

Mataki na uku: auna girman abin

Ka raba sauyi gida uku a ranka. Ƙarami shi ne dabarar sihiri ɗaya, salon faɗa, ko ƙwarewa ɗaya, kamar a bar sanin tarihi a koma lallashi. Matsakaici shi ne baiwa sukutum, ko mayar da makin da aka ƙara wa ƙarfi zuwa zafin nama. Babba shi ne reshen sana'a ko sana'ar kanta.

Kafin ka ƙirƙiri doka, duba ko littafinku ya riga ya tanada, domin da yawa daga ƙananan sauye-sauye halas ne tun asali. A bugu na 5 na Dungeons & Dragons, maroƙi da maharbi da wanda aka haifa da sihiri a jini duk suna iya musanya dabarar sihiri ɗaya duk lokacin da suka hau mataki. Littafin Tasha's Cauldron of Everything na 2020 ya ƙara damar sauya salon faɗa a matakan da ake samun ƙarin maki, ya kuma kawo shawarwari kan sauya ƙwarewa da reshen sana'a. Bugu na 4, wanda ya fito a 2008, ya fi kowa sauƙaƙawa: kowane hawan mataki, kana da damar sauya abu ɗaya, baiwa ko ƙwarewa ko dabarar faɗa. Ni wannan dokar nake ara ga duk ƙananan sauye-sauye, kowane wasa muke yi. Abu ɗaya, lokacin hawan mataki, ba tambaya.

Bugu na 2 na Pathfinder, na 2019, ya ja layi a wani wuri mai kyau: ana sake koyon baiwa da ƙwarewa da wasu zaɓuɓɓukan sana'a, amma ba a taɓa asalin jinsin jarumi, ko tashinsa, ko sana'arsa. Abin da aka koya ana iya sake koyo, abin da aka haife ka da shi kuwa ya zauna. Idan mutum yana son sauya waɗannan, gaskiyar magana sabon jarumi yake so, kuma gara a faɗa masa haka. Tsohon ya yi ritaya cikin mutunci, ya buɗe masauki a wani gari ko ya zama dogarin sarki, ka ga ka samu wanda za ka riƙa fito da shi nan gaba.

Mataki na huɗu: farashi

Abu uku ake biya da su: lokaci, kuɗi, da malami.

Littafin Ultimate Campaign na Pathfinder, na 2013, ya ba da lissafi mai sauƙin riƙewa. Sauya baiwa kwana 5 ne, kuɗin kuma 10 sau matakin jarumi sau yawan kwanaki. Jarumi a mataki na 6 zai biya zinariya 300, a mataki na 12 kuma 600. A bugu na 2 an bar lissafin kuɗi a hannun jagora, aka ce baiwa ko ƙwarewa mako ɗaya, babban zaɓin sana'a kuwa aƙalla wata guda. Idan Dungeons & Dragons kuke yi kana neman ma'auni, littafin Xanathar's Guide to Everything na 2017 ya sa koyon sabon harshe ko kayan sana'a a mako 10 na aiki, ana rage wa mai basira, a kan zinariya 25 kowane mako. Wannan koyo ne daga tushe. Wanda ke musanya wani abu da wani bai kamata ya kai haka ba.

Sai dai ga inda ake yaudarar kai. Idan ka ce mako ɗaya, sannan ka ce “to, mako ya wuce,” ba a biya komai ba. Lokaci ba ya zama farashi sai duniya tana tafiya. Kafin ka amince, ka zauna ka rubuta abu ɗaya ko biyu da za su faru cikin makon nan: ayarin da suke bi ya ƙara nisa, farashin doki ya tashi saboda yaƙi ya matso, wazirin da suke zargi ya samu sarari ya ɓatar da shaida. Ba hukunci ba ne, kuma kada ya zama bala'in da zai sa kowa ya tsani mai sauyin. Ka faɗa musu a fili kafin su yanke shawara: “Idan kuka tsaya, ga abin da wataƙila zai wuce ku.” Sannan ka ba sauran abin yi a makon, wani ya yi ciniki, wata ta bi diddigin wani jita-jita, kowa ya jefa dais sau ɗaya ko biyu. Minti goma sha biyar a tebur sun isa.

Kuɗi shi ne mafi rauni a cikin ukun. A matakan farko yana hana talakan jarumi gyara, a manyan matakai kuma ba wanda ke jin sa. Ka sa shi don ɗanɗano kawai.

Malami ne ya fi ba da riba. Wanda zai koya wa mayaƙi harbi ba injin sayar da baiwa ba ne, mutum ne mai hali da buƙata. Tsohuwar mafarauciya ce da ba ta karɓar zinariya, sai dai a raka ta ta ɗauko bakan mijinta daga hannun waɗanda suka ƙwace shi. Ko sarkin maƙera ne da zai ce sai ka yi masa zuga kwana bakwai kafin ya yarda ka taɓa guduma, yana kiranka “yaro” alhali ka kashe dodo. Littafin Player's Handbook II na 2006, wanda ya shigo da dokokin sake horo cikin bugu na 3.5 na Dungeons & Dragons, ya tanadi cewa manyan sauye-sauye sai an yi musu tafiya ta musamman, kuma har yau ban ga abin da ya fi wannan ba. Abin lura ɗaya: tafiyar ta zama ta kowa. Idan zama biyu za a yi ana bin buƙatar mutum ɗaya, ka saka wa sauran wani abu a hanyar.

Mataki na biyar: aikin takarda

Kada a yi wannan a tsakiyar wasa. Ku yi ta waya a cikin mako, ko ku biyu ku riga kowa isowa da rabin awa. Ka sa a buga sabuwar takardar jarumi a shagon buga takardu, don gogewa da sake rubutu a kan tsohuwa shi ke haifar da lambobin da ba wanda ya san asalinsu.

Ku fara da tambayar me ya dogara a kan abin da za a cire. A Pathfinder na farko, baiwar Cleave tana buƙatar Power Attack, ita kuma Great Cleave tana buƙatar su biyun. Ka zare ta ƙasa, na sama sun zube. A bugu na 5 na Dungeons & Dragons, wanda ya haɗa sana'a biyu sai yana da maki 13 a abin da kowace ke nema, kuma sulken ƙarfe mafi nauyi yana son ƙarfi 15, in ba haka ba tafiyar jarumi ta ragu da ƙafa 10. Mutum zai kwashe maki biyu daga ƙarfi ya kai wa kwarjini yana murna, bai lura ya mai da kansa kunkuru ba.

Sannan ku bi lambobin ɗaya bayan ɗaya. Misali, jaruma a mataki na 8 tana son ta ajiye baiwar Tough ta ɗauki wata. Tough tana ba da makin rai 2 a kowane mataki, wato makin da ke nuna yawan raunin da jarumi zai iya ɗauka kafin ya faɗi, ke nan 16 za su tafi. In tana da 76, ta koma 60. Ka tabbata ta ga wannan lambar da idonta kafin ta ce ta yarda, domin sau da yawa a nan ake fasawa. Haka idan an taɓa makin juriya, makin rai na duk matakan baya yana motsawa, ba na gaba kawai ba.

Doka ɗaya da nake riƙewa da ƙarfi, ita ma daga Pathfinder: abin da za a ɗauka ya zama wanda jarumin ya cancanta a lokacin da ya yi zaɓin farko. Gurbin mataki na 2 ba ya ɗaukar baiwar mataki na 10. In ba haka ba, kowa zai kwashe ƙananan gurabensa ya cika da manyan kaya.

In an gama, a ɗauki hoton tsohuwar takarda da sabuwa a turo maka, a rubuta kwanan wata a sama.

Mataki na shida: sauran mutanen tebur

Kafin sauyi matsakaici ko babba ya tabbata, a faɗa wa kowa. Dalili biyu ne. Idan mai warkarwa ɗaya tilo ya ajiye aikinsa, sauran suna da haƙƙin su sani kafin su shiga kogo, ko su sayi magunguna ko wani ya karɓi aikin. Kuma kada ka tilasta masa zama a aikin da ya gundure shi don kawai jama'a na buƙata, kai ne za ka daidaita faɗan. Na biyu, idan sabon abin da yake so shi ne abin da wata ta gina jarumarta a kai, misali ita ce mai buɗe makulli da saɗaɗawa, to sai an ji ta bakinta. Yawanci idan aka tambaya cikin girmamawa ana samun maslaha, ɗaya ya riƙe makulli ɗaya ya riƙe leƙen asiri.

Abin da ya faru a baya kuwa ba a goge shi. Ƙofar da ya fasa da gatari ta fasu. Mutanen garin da suka san shi da gatari su ci gaba da tambayarsa ina gatarin, wani yaro ma ya ce ya sayar masa.

Masu wayo

Dabara biyu ce ke yawan dawowa. Ta farko, a ji labarin dodon wuta na gaba, sai a zo ana neman komawa sihirin ƙanƙara, bayan faɗan kuma a nemi komawa gidan jiya. Maganinta sauƙi: abin da aka sauya ba a sake taɓa shi sai an hau mataki biyu, kuma ba a fara horo bayan an riga an shiga yankin abokin gaba. Idan kuwa sun samu labarin dodon da wuri, suka zaɓi su kashe mako suna shiri alhali dodon yana ƙona ƙauyuka, wannan ba wayo ba ne, wasa ne mai kyau, ka bar su.

Ta biyu ta fi dabara. A Pathfinder na farko, wanda ke da baiwar ƙera kayan sihiri yana yin su a rabin kuɗin kasuwa. Sai mutum ya ɗauki baiwar, ya ƙera wa kowa kaya, sannan ya ce zai sauya ta da ta faɗa, ya ci riba biyu. A nan nakan ce baiwar da ta bar amfani mai ɗorewa ba ta sauyuwa sai an biya cikon kuɗin kayan da aka ƙera. Da wuya ka ga wanda ya ci gaba da maganar bayan ya yi lissafin.

Ga wanda ke shakkar sabon zaɓinsa, ka ba shi gwajin zama biyu. In bai yi masa ba ya koma tsohon ba tare da ƙarin farashi ba, sau ɗaya tak. Manyan gyare-gyare kuma ka tara su zuwa lokacin da tebur ke hutawa dama, kamar watan azumi ko ƙarshen shekara da garin ke yin fayau kowa ya tafi gida. Kafin a tashi zaman ƙarshe, ka kai jaruman wani gari mai kasuwa da malamai, ka ce a cikin labari ma wata guda za su yi a can, kowa ya turo maka abin da jaruminsa zai yi da watan kafin ranar da za a dawo.